Ba Ta Duba Haƙorin Ba

Ranar da suka fara haɗuwa, tun bai ce mata uffan ba ya kayar da ita ƙasa.

Auta na tsaye a ɗaki na biyu na lab, wato ginin gwaje-gwajen kimiyya, gaban injin da ke juya ruwan gwaji, tana jiran ya gama. Sai injin ya fara wata irin ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, teburin ya hau rawa. Ita kuwa baiwar Allah, maimakon ta ruga, hannu ta miƙa za ta kashe shi, don aikinta na wata biyu ne a ciki.

Ba ta ga shigowarsa ba. Ji kawai ta yi an sure ta an maka da ƙasa, an danne mata kai. Murfin injin ya tsage, wani ƙarfe ya yi tsalle ya fasa gilashin durowa, kwalabe suka tarwatse a kansu.

Da ƙarar ta lafa, ta ɗago a fusace.

"Kai wane ne? Ɗaga ni."

"Mai gyara ne," ya ce, yana haki. "Jiya na fara aiki. An ce in zo in duba injin nan, ga shi ya riga ni."

A lokacin ta ga jinin. Guntun gilashi ya nutse a dantsensa, jini na bi ta gwiwar hannunsa yana ɗiga kan farar rigarta. Ta zaunar da shi, ta ɗauko hantsaki ta zare gilashin. Shi ko ƙifta ido bai yi ba, kallonta kawai yake.

"Aikina ya tafi," ta ce, hawaye na zubo mata.

"Kanki dai yana nan. Za ki sake wani."

Ta harare shi. Ya yi murmushi. Daga nan aka fara.

Auta ita ce ƙarama a gidansu, tana karatun digirin dakta. Shekara shida ke nan da rasuwar Mamansu, wata irin funfuna ce ta shiga huhunta ta cinye ta a hankali, suna ji suna gani. Ranar da aka dawo daga maƙabarta Auta ta ce wannan funfunar za ta karanta, sai ta gano lagonta. Baba ya rantse ba zai huta ba sai ya ji an kira 'yarsa dakta. Yayanta kuwa direban babbar mota ne, hannunsa ya fi bakinsa sauri, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar ƙanwarsa.

Mai gyara ya mai da ɗaki na biyu wurin zuwansa. Yau soket ne ya saki, gobe ƙofar firij ce ba ta rufuwa da kyau. Auta ta san ƙarya yake, amma ba ta taɓa korarsa ba.

"Injiniya, wannan soket ɗin sau uku ke nan kana gyara shi."

"Taurin kai gare shi, irin na mai ɗakin. Wai 'yar funfuna, me kike ta leƙe a kwamfutar nan kullum?"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar. Wani dunƙulallen abu ne mai launi, da dogon kwari a tsakiyarsa.

"Funfunar nan bangon jikinta na kaitin ne, irin abin da ke bayan kyankyaso. Sarƙa ce ta zobba, ɗaya na riƙe da ɗaya. In za ta girma sai ta yanka bangonta ta ƙara faɗi. Wannan enzayim ɗin shi ne mai yankan. Ka ga bakin? Zobe shida yake kamawa. Sai ya lanƙwasa na tsakiya har ya kusa karyewa, sannan wannan haƙorin guda ɗaya ya sare shi."

"Haƙori ɗaya tal?"

"Ɗaya. Kuma abin takaici, ita sarƙar tana da ɗan hannu a jikinta. In an lanƙwasa ta, hannun nata ne yake juyowa ya taya a yanka ta."

Ya girgiza kai. "Wannan mugunta har ina. To ke me kike nema?"

"Hotonsa yana riƙe da sarƙar, kafin ya yanka. In muka ga yadda yake kamu, za a iya ƙera abin da zai toshe masa baki. Amma saurinsa ya yi yawa, shi ya sa na yi wani na cire masa haƙorin. Ya kama, ya kasa cizo. Wawulo nake ce masa."

Ta buɗe firij ta nuna masa akwati biyu. Kwalabe masu jan murfi na mai haƙori ne, masu shuɗi na Wawulo.

Da yamma saƙonsa ya shigo wayarta.

"Daktata, tun da na bar ɗakinki nake tunanin Wawulo. Ni ma haka nake a gabanki, in zo da magana cike da baki, in kasa faɗa. To yau na faɗa. Ina sonki, kuma da aure."

Ta karanta sau huɗu kafin ta mayar.

"Injiniyana, na ji. Ni ma haka. Amma ka shirya, Baba ba soket ba ne."

Gaskiya ta faɗa. Akwai wani a lab ɗin, mataimakin shugabansu, wanda ɗalibai ke kira Ƙaramin Farfesa saboda iyayi da son a ce masa ranka ya daɗe. Ya daɗe yana bin Auta tana kaucewa, sai ya zagaya ta wajen Baba. Shi Baba ya gama yanke hukunci a ransa cewa shi za ta aura.

Ranar da ta ambaci mai gyara, suna kan tebur ne. Baba ya ɗauki kofin shayinsa ya jefa bango, ya fashe.

"Mai ɗaure soket? Na binne uwarki, na tsaya a kanki shekara da shekaru, ki kawo min mai ɗaure soket?"

"Baba, shi ne ya cece ni ranar da injin ya fashe."

"Na gode masa. Godiya ba aure ba ce. Kada in sake ji."

Ba ta daina ba, shi ma mai gyara bai daina ba. Wata Asabar da rana firij ɗinta ya mutu, ba kowa a lab sai shi. Ya kwashe akwatunan nan biyu a guje ya kai su firij ɗin ɗaki na huɗu, sannan ya tura mata saƙo.

"'Yar funfuna, firij ɗinki ya suma. Na kwashe yaranki na kai su maƙwabta, duk lafiyarsu ƙalau. Ladana murmushi biyu."

Lokacin ɗaukar hoton ya matso. Babban injin da ke iya ganin abu mai ƙanƙanta haka yana wata cibiya mai nisa, kuma sau ɗaya a shekara layi ke zuwa kansu. Auta ta yi wata uku tana renon Wawulo har ya daskare ya zama 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli. Saura ta tsoma su cikin ruwan sarƙar na minti goma, ta daskarar da su, a aika.

Ta tsoma su ke nan ƙofar ta bugu da bango. Yaya ne. Wani ya kai wa Baba labarin an gan ta da mai gyara a kantin shayi, ba sai an faɗi ko wane ne ba. Yaya bai tsaya jin komai ba, ya damƙi hannunta ya ja ta har mota, takalminta ɗaya ya faɗi a matakala. Kwana uku aka tsare ta a gida, wayarta na aljihun Baba.

Da ta dawo, ƙwayoyin na nan cikin ruwan. Ta ce a ranta ai Wawulo ne, ko shekara ya yi ba abin da zai iya. Ta daskarar da su ta aika.

Mako biyu bayan haka hotunan suka iso. Ta buɗe kwamfuta, Ƙaramin Farfesa na tsaye a bayanta. Kai tsaye ta nufi bakin enzayim ɗin. Ba zobe shida a ciki. Guntaye ne, biyu nan, biyu can. An yanka sarƙar.

Kanta ya yi dum.

"Mai haƙori kika aika," in ji Ƙaramin Farfesa, a hankali kamar mai jaje. "An canza miki murafe. Ban so in faɗa ba, amma ranar Asabar ɗin nan na leƙo, na ga mutumin naki yana buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ki yi tunani mana. In kika zama dakta, ina shi ina ke? Ya sani."

Ta rufe kwamfutar da ƙarfi har sai da ta tsage a gefe. Da ta tsaya ta ƙara minti ɗaya tana kallo, da ba a yi abin da aka yi ba. Amma zuciya ta riga ta ɗebe ta. Ta ɗauki waya ta tura wa mai gyara saƙo.

"Na ga abin da ka yi, ka canza min murafe. Aikin shekara uku ka kashe min. Ba ni ka cuta ba, Mamana ka cuta. Kada ka sake nuna ka san ni."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Ta isa gida tana kuka, ta faɗa jikin Yaya, ta zayyana masa komai, har da inda shagon gyaran yake a bayan ginin.

Washegari da safe ta koma lab don ta rubuta wa shugabansu bayani. Dole ta sake buɗe hoton. Tana juya shi don ta ɗauki gefen da ya fi fitowa, sai idonta ya sauka a wurin haƙorin.

Babu shi. Giɓi ne fili.

Ta ƙara girman hoton. Ta buɗe na biyu, na uku, na bakwai. Duk Wawulo ne. Ba wanda ya canza murfin komai. Wawulo ya kama sarƙar ya lanƙwasa ta, ya riƙe ta haka kwana uku, shi kuma ɗan hannun sarƙar ya yi ta aikinsa sannu a hankali har ta tsinke. Ta sha karanta cewa cire haƙori ba ya kashe irin wannan enzayim ɗin gaba ɗaya, rage masa sauri kawai yake yi. Ta sani sarai. Ita ta bar su kwana uku a ruwan da ya kamata su yi minti goma.

Ta zaro waya. Saƙon mai gyara na jiya na nan ba ta buɗe ba.

"Daktata, wallahi ko murfi ɗaya ban taɓa ba. Akwatunan a rufe na ɗauka, a rufe na ajiye. Ki zo ki tambaye ni ido da ido. Ina shago, ba inda zan je."

Ta kira Yaya, wayar na ta ƙara ba a ɗauka. Ta leƙa taga. Motarsa na tsaye a bakin ginin.

Ba ta san yadda ta sauka matakalar ba. A bene na ɗaya ta ci karo da Ƙaramin Farfesa, ya tare ta yana tambayar ina zuwa. Bokitin ƙanƙara ne a kan benci kusa da su, ta ɗauka ta kwaɗa masa a fuska, ta wuce shi yana tangaɗi.

Tun daga nesa take jin ƙarar ƙarfe. Ƙofar shagon a ɓalle take. Mai gyara na ƙasa tsakanin teburin aiki da wani tsohon firij, bakinsa duk jini, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yaya ya take masa hannun dama da takalmi, babban sifana a hannunsa.

"Da wannan hannun ka taɓa aikin uwata?"

Sifanan ya sauka. Auta ta ji ƙarar ƙashi, ta ji ihun da ba za ta manta ba har ta mutu. Yaya ya sake ɗagawa. Ta yi tsalle ta kifa a kan mai gyara, ƙarfen ya same ta a goshi.

Duniya ta juya mata. Jini ya rufe mata ido. Ta ji sifanan ya faɗi ƙasa, ta ji muryar Yaya ta koma ta yaro.

"Auta. Auta, me ya kawo ki?"

"Bai yi komai ba," ta ce, tana laluben fuskar mai gyara. "Ni ce. Ni na ɓata aikin. Yaya, ni ce."

Ɗinki bakwai aka yi mata. Shi kuwa mai gyara haƙarƙari biyu suka karye, yatsu uku suka farfashe. Likita ya ce biyu daga ciki ba za su sake lanƙwasuwa ba. Mutumin da abincinsa ke hannunsa.

A barandar asibiti ta tsaya gaban Baba da Yaya, kai a naɗe, ta faɗi komai ba ta rage ba. Ta faɗi ƙaryar Ƙaramin Farfesa, ta faɗi kwana ukun da aka tsare ta, ta faɗi nata laifin, wanda ya fi na kowa. Baba ya nemi benci ya zauna. Yaya ya juya ya haɗa kansa da bango yana kuka.

Ƙofar ɗakin ta buɗe, wata 'yar siririyar dattijuwa ta fito. Mahaifiyar mai gyara ce, shi kaɗai Allah ya ba ta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Auta.

"Ke ce daktar?"

"Ni ce, Umma."

"Kada ki ce min Umma. Ɗana ya zubar da jininsa don kanki, kika saka masa da wannan. Ku tafi. Ko mata sun ƙare ba zai auri 'yar gidanku ba."

Ta koma ta rufe ƙofa.

Abin mamaki, Baba ne ya ƙi tafiya. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba a rayuwarsa, kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin nan. Dattijuwar ta fito ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ya miƙe ya gaishe ta, ta yi banza da shi. Yaya ya kai kansa wurin 'yan sanda da ƙafarsa. Ƙaramin Farfesa kuwa, da shugabansu ya binciki rajistar shiga, aka ga ranar Asabar ɗin ko ƙofar ginin bai zo ba, aka sallame shi.

Rana ta tara Baba ya durƙusa a gaban dattijuwar, a tsakiyar baranda, nas-nas na wucewa.

"Baiwar Allah, na raina ɗanki, kuma ya fi ni. Ban zo neman komai ba. Ki bar yarinyar nan ta gan shi sau ɗaya ta roƙe shi gafara."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matsa daga bakin ƙofar.

Auta ta shiga. Yana kwance, hannun a ɗaure cikin farin filasta har gwiwa. Ta tsaya daga nesa, ta kasa ƙarasawa.

"Na ga saƙonka," ta ce. "Bayan komai ya wuce na gani."

"Sau tara na kira ki."

"Na sani."

"Dukan bai dame ni kamar wannan ba. Kin yarda zan iya, ko tambayata ba ki yi ba."

Ta durƙushe a gefen gadon tana kuka. "Ba ni da abin cewa. In ka ce in tafi, zan tafi, ba zan ga laifinka ba."

Sannan ya miƙo hannun hagu ya taɓa bandejin goshinta.

"Wannan nawa ne, kika tare. Daktata, ba zan yi miki ƙarya ba, ban gama yafewa ba. Amma na gwada tunanin rayuwa babu ke, kwana tara, ya fi hannun ciwo. Ki aure ni, in ƙarasa yafewar a hankali."

"Ko shekara nawa za ta ɗauka, ina nan."

Mai gyara da kansa ya sa aka janye ƙarar Yaya. Shi ya yi ta lallashin mahaifiyarsa wata biyar, har ta ce ba za ta hana ba, amma kada a sa ran za ta yi murna. Ko da Auta ta je gaishe ta, kai kawai take ɗagawa.

Aka ɗaura aure ranar wata Asabar, ba wani taro mai yawa. Ango ya sa hannu a takarda da hagu, rubutun ya karkace, ya yi dariya ya ce haka ma ya yi. Baba ya rungume shi ya kira shi ɗana. Yaya ya tsaya can baya, kai a sunkuye, sai da angon ya je da kansa ya jawo shi cikin mutane.

Da aka kai amarya, dangi suka yi ta sa albarka suna fita, har ɗakin ya rage daga ita sai surukarta. Auta ta sauko daga kujera ta durƙusa. Wata biyar matar nan ba ta ce mata kalma ɗaya ba.

Dattijuwar ta matso. Ta ɗaga mata mayafi, ta daɗe tana kallon tabon da ke goshinta, ta shafa shi da babban yatsa.

"Nas ta gaya min," ta ce. "Ta ce da a kansa ya sauka, da ban same shi ba."

Auta ta sunkuyar da kai.

"Tashi daga ƙasa, 'yata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya raba ku da saurin fushi. Kuma daga yau ki ce min Umma."